Da wane iko Jimmy Carter ya yi shekara 40 yana shiga lamuran ƙasashen duniya?

Tun da Jimmy Carter, shugaban Amurka na 39, ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024 yana da shekara 100 a duniya, maganar da aka fi maimaitawa a kansa ita ce ya fi yi wa duniya amfani bayan saukarsa daga mulki fiye da lokacin da yake kan kujera. Masu faɗin haka yabo suke nufi, kuma yabon ya samu wurin zama, domin da wuya a nuna wani ɗan siyasa da ya haura shekara 80 yana hawa jirgi zuwa ƙauyukan da ko ministocin ƙasashen ba sa takawa. Amma akwai tambayar da yabon yake tsallakewa. Mutumin da 'yan ƙasarsa suka kayar a akwatin zaɓe, wanda ba shi da soja ko baitulmali, kuma ba ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya ba, da wane iko ya riƙa sauka a Khartoum da Pyongyang da Abuja yana zama da shugabanni? Wa ya aike shi, wa yake biyan kuɗin, kuma me talaka ya samu a ciki?

Mutane sun rabu biyu a kan amsar. Wasu suna ganin ɗan aiken gwamnatin Amurka ne da ya saka rigar taimako, wasu kuma suna ɗaukarsa wani bawan Allah da ya riƙa yawo shi kaɗai yana kashe kuɗin aljihunsa. Duka biyun sun kauce wa yadda al'amarin ya gudana.

Yadda ya bar fadar mulki

Carter manomin gyaɗa ne daga Plains, wani ƙaramin gari a jihar Jojiya, ya yi aikin sojan ruwa, ya yi gwamnan jiharsa daga 1971 zuwa 1975, sannan ya hau shugabancin ƙasa a Janairun 1977. A cikin shekara 4 da ya yi, shi ne ya killace Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila a Camp David har kwana 13 a watan Satumban 1978, wanda daga nan aka samu yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin ƙasashen biyu a 1979. Shi ne kuma shugaban Amurka na farko da ya kawo ziyarar aiki ta ƙasa da ƙasa yankin Afirka kudu da Sahara, lokacin da ya sauka a Legas a ƙarshen Maris na 1978, Janar Olusegun Obasanjo yana shugaban mulkin soja.

Sai dai abin da masu zaɓe a Amurka suka riƙe shi ne tsadar kaya, da dogon layin mai, da kuma Amurkawa 52 da aka yi garkuwa da su a Tehran har kwana 444. A zaɓen 1980 Ronald Reagan ya yi masa mummunan kaye, ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 489, Carter ya tashi da 49. Ya koma Plains yana da shekara 56, ya tarar da kasuwancinsa na gyaɗa cikin bashin da ya kai kimanin dala miliyan 1, kuma hatta manyan jam'iyyarsa sun ɗauki shekaru suna gudun a gan su tare da shi. Daga wannan hali ne shi da matarsa Rosalynn suka kafa Cibiyar Carter a birnin Atlanta a 1982, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Emory.

Manzon hukuma da mai zuwa da ƙafarsa

Kafin a auna aikinsa, ya kamata a bambanta iri biyu na tsohon shugaban da ake gani a ƙasashen waje. Na farko shi ne manzon hukuma, wanda wata ƙungiya ko gwamnati ta naɗa ta ba shi saƙo da iyakar abin da zai iya alkawartawa. Haka Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranci tattaunawar sulhun Laberiya a Accra a 2003 da sunan ECOWAS, haka Goodluck Jonathan ya je Mali a 2020, haka kuma Obasanjo ya shiga tsakanin gwamnatin Habasha da mayaƙan Tigray da sunan Tarayyar Afirka har aka sa hannu a Pretoria a Nuwamban 2022. Irin wannan manzo yana magana ne da yawun waɗanda suka tura shi, kuma bayansa akwai takunkumi ko tallafin da za a iya ɗagawa ko a sauke.

Carter a yawancin tafiye-tafiyensa na iri na biyu ne, wato wanda ya zo da ƙafarsa bisa gayyatar masu rikicin ko mai masaukin baƙi. Dokar Amurka ta 1958 tana bai wa tsohon shugaba fansho da ofis da 'yan ma'aikata, amma ba ta ba shi hurumin yin magana da sunan ƙasa ba. Akwai ma wata tsohuwar doka ta 1799, Dokar Logan, da ta hana ɗan ƙasa yin shawarwari da gwamnatin waje ba tare da izini ba a kan saɓanin da ke tsakaninta da Amurka, kuma masu sukar Carter sun sha ɗaga ta, ko da yake ba a taɓa gurfanar da shi a kanta ba. Ya kan sanar da fadar White House kafin ya tafi, ya kuma rubuta mata rahoto idan ya dawo, amma sau da yawa jami'anta suna jin haushin tafiyar.

Saboda haka jarinsa guda ɗaya ne, wato babu shugaban da zai ƙi ɗaukar wayarsa ko ya bar shi a tsaye a bakin ƙofa. Kowane tsohon shugaban Amurka yana da wannan jari, kuma da yawansu sun juya shi zuwa laccoci masu tsada da kujeru a hukumomin manyan kamfanoni. Carter ya ƙi kujerun kamfanoni, ya ci gaba da zama a gidan da ya gina a 1961, ya nemi abin yi a wuraren da manyan hukumomi suka bari.

Kurkunu

Idan ana neman inda wannan jari ya haifar da abin da za a iya ƙirgawa, to a kan kurkunu ne. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa kafin shekarun 1990 ya san yadda cutar take. Mutum ya sha ruwan kududdufi ko tafki da ke ɗauke da wasu ƙananan ƙwarin ruwa da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar, ya yi kusan shekara guda ba ya jin komai, sannan wani ƙurji mai zafi kamar wuta ya fito masa, galibi a ƙafa. Ta nan tsutsar, wadda tsawonta kan kai mita 1, take fitowa a hankali, ana naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni, ana kaffa-kaffa kada ta tsinke a ciki. Zafin ne yake sa mai ciwon ya tsoma ƙafarsa a ruwa don ya samu sauƙi, kuma a wannan lokacin tsutsar take zubar da dubban 'ya'ya a cikin ruwan da gari zai sha, sai a sake sabon zagaye.

Kurkunu ba ya yawan kisa, wanda shi ne ma dalilin da ya sa manyan hukumomi suka daɗe ba su waiwaye shi ba. Ɓarnarsa ita ce yana kwantar da mutum daidai lokacin aikin gona, ya hana yara makaranta, ya hana uwa ɗaukar goyo. Mutanen ƙabilar Dogon na ƙasar Mali suna kiransa cutar da ke barin rumbu wayam. Ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi, kuma wanda ya yi shi bana zai iya sake yinsa baɗi.

A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta karɓi jagorancin yaƙi da cutar, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne suke kamuwa a shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Wanda ya tsara dabarun yaƙin shi ne Dakta Donald Hopkins, likitan da ya yi aiki a yaƙin kawar da cutar agana. Shi kansa Carter ya fara ganin kurkunu da idonsa a wani ƙauye kusa da Accra a 1988, kuma gani ya kori ji, domin daga nan bai sake sakin maganar ba har ƙarshen rayuwarsa. Binciken farko da aka yi gida-gida a Najeriya tsakanin 1988 da 1989, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, ya gano sama da mutum 650,000 masu ɗauke da cutar, adadin da ya sa Najeriya ta zama kan gaba a duniya.

Kayan yaƙin ba su da wani ban mamaki. Ƙyallen tace ruwa ne da ake ɗaura wa a bakin tulu, da wani ɗan bututu mai rariya da makiyayi ko matafiyi zai rataya a wuya ya zuƙi ruwa da shi, da maganin Abate da ake zubawa a kududdufi ya kashe ƙwarin, da rijiyar burtsatse inda aka samu hali, sai kuma hana mai ciwon shiga ruwa. Abin da yake da wuya shi ne a sa kowane gida a kowane ƙauye ya riƙa yin haka kullum har shekara ta zagayo, a wuraren da wasu suka yi imani cewa cutar a jini take ko jifa ce, wasu kuma suna ganin tafkin kakanninsu ya fi ƙarfin a zuba masa magani. Wannan aiki dubban 'yan sa kai na ƙauyuka ne suka yi shi, su ne suke riƙe da littafin rajista, suna wanke ƙurji suna ɗaurewa, suna kai rahoto kowane wata.

To ina amfanin tsohon shugaban a nan? Amfaninsa shi ne ma'aikacin lafiya yana iya rubuta takarda goma minista bai karanta ba, amma idan Carter zai zo, dole shugaban ƙasa ya nemi a yi masa bayanin yawan masu kurkunu a ƙasarsa kafin baƙon ya iso. Ya yi amfani da wannan kunya sosai. Ya roƙi kamfanin DuPont ya ba da ƙyallen tacewa kyauta, ya samo kuɗi daga Sheikh Zayed na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Gidauniyar Gates da gwamnatin Birtaniya. Dabararsa da ta fi burge ni ita ce yadda ya gane cewa Bature, kome girmansa, ba zai iya zaunar da gwamna ko hakimi ya yi masa faɗa ba, sai ya jawo tsofaffin shugabannin yankin. A Mali da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci ya samu Janar Amadou Toumani Touré, a Najeriya kuma Janar Yakubu Gowon, wanda daga ƙarshen shekarun 1990 ya taka ƙauyuka fiye da 100 yana karɓar alkawarin rijiya daga gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi, sannan ya koma ya tambayi inda aka kwana.

An ga mutum na ƙarshe da ya kamu a cikin Najeriya a Nuwamban 2008, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu. Ghana ta samu tata shaidar a 2015. A duk duniya mutum 13 aka samu a 2022, sai 14 a 2023. Yaron da aka haifa a ƙauyen Zamfara ko Damagaram bayan 2010 zai iya girma bai taɓa ganin ana naɗe tsutsa a tsinke ba, kuma mai yiwuwa bai taɓa jin sunan Carter ba.

Ofishin cibiyar da ke Jos ya bi irin wannan tsari a kan wasu cututtukan, ta hanyar masu rabon magani na cikin gari. A jihohin Filato da Nasarawa an kai ga katse yaɗuwar tundurmi da kuma makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa, wadda ake yaƙa da ƙwayar Mectizan da kamfanin Merck yake bayarwa kyauta tun 1987. A Nijar kuma cibiyar ta yi aiki a kan amosanin ido, da gina masai da koyar da wanke fuskar yara. Ta fannin noma, Carter yana cikin mutum 3 da suka kafa shirin Sasakawa Global 2000 a 1986, shi da masanin iri Norman Borlaug da attajirin Japan Ryoichi Sasakawa. Shirin ya fara a Ghana da Sudan, ya shigo Najeriya a 1992, kuma manoman Kano da Kaduna da Jigawa sun san shi ta gonakin gwaji na masara da alkama da malaman gona suke kafawa. Nasararsa ba ta kai ta kurkunu ba, domin ingantaccen iri yana buƙatar taki, farashin taki kuma ba ya hannun malamin gona.

Shiga tsakani da abin da ya biyo baya

Sunan Carter ya fi fitowa a labarai ta dalilin sulhu, amma a nan ne sakamakon ya fi gauraya. A shekarar 1994 kaɗai ya yi tafiya 3 da suka girgiza Washington. A watan Yuni ya tsallaka zuwa Koriya ta Arewa lokacin da ake fargabar yaƙi a kan shirinta na nukiliya, ya gana da Kim Il Sung, sannan ya sanar a tashar CNN cewa an amince a dakatar da shirin tun kafin gwamnatin Bill Clinton ta gama nazarin abin da ya samo, wanda hakan ya ɗaure mata hannu. An sa hannu a yarjejeniya a Oktoba, ta rushe bayan shekara 8, kuma a 2006 Koriya ta Arewa ta gwada bam ɗinta na farko. A Satumba ya je Haiti tare da Janar Colin Powell da Sanata Sam Nunn, suka shawo kan shugaban mulkin soja Janar Raoul Cédras ya sauka a daidai lokacin da jiragen sojan Amurka suka riga suka tashi don kai farmaki. A Disamba ya samo tsagaita wuta ta wata 4 a Bosniya daga hannun Radovan Karadzic, shugaban Sabiyawan Bosniya, amma bayan ta ƙare aka yi kisan Srebrenica a Yulin 1995, kuma daga baya kotun duniya ta samu Karadzic da laifin kisan ƙare dangi.

Masu sukarsa suna cewa zamansa da irin waɗannan mutane yana wanke su a idon duniya, kuma yakan yi musu laushin harshe fiye da kima don ya samu sa hannu. Masu kare shi suna cewa ba a yin sulhu da masoyi, kuma ranar da ba a yi harbi ba riba ce ga wanda harsashin zai samu. Ina ganin kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma abin lura shi ne mai zuwa da ƙafarsa yana iya dakatar da faɗa, ba ya iya tilasta wa kowa ya cika alkawari bayan jirginsa ya tashi.

Sulhun da ya fi ma'ana a wurina shi ne na Sudan a 1995, domin a can ya haɗa ayyukansa biyu. Ya shawo kan Omar al-Bashir da John Garang, jagoran 'yan tawayen kudu, suka ajiye makamai na wata 2 don ma'aikatan lafiya su shiga kudancin ƙasar, aka yi ta ƙara wa'adin har ya kusa wata 6. A wannan tsakani an raba ƙyallen tace ruwa, an yi wa yara allurar shan inna da ƙyanda, an gano ƙauyukan da kurkunu ya yi wa katutu. Yaƙin ya ci gaba har 2005, amma yaran da aka yi wa allura ba a ƙwace musu ita ba. A watan Maris na wannan shekara ta 1995 kuma ya zo Najeriya ya roƙi Janar Sani Abacha a kan Obasanjo da aka tsare bisa zargin juyin mulki, aka mayar da shi ɗaurin talala a gida, ko da yake daga baya an sake kama shi aka yanke masa hukunci.

Sa ido a kan zaɓe

A nan ma akwai rashin fahimta. Mai sa ido daga waje ba alƙali ba ne, ba ya soke zaɓe, ba ya ƙirga ƙuri'a, kuma ba ya shiga ƙasa sai hukumominta sun gayyace shi. Abin da yake da shi shi ne shaida, ya faɗi abin da ya gani, kuma darajar shaidar tana rataye ne da yiwuwar ya ce bai gamsu ba. Cibiyar Carter ta sa ido a kan zaɓe fiye da 100 a ƙasashe kusan 40. A Panama a 1989 Carter ya fito fili ya ce gwamnatin Manuel Noriega ta yi maguɗi, a Nikaraguwa kuma a 1990 yana cikin waɗanda suka zauna da shugaba Daniel Ortega a daren zaɓe har ya amince ya sha kaye a hannun Violeta Chamorro.

Zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya na ranar 27 ga Fabrairu, 1999 ya nuna halinsa da kuma iyakar aikin. Ya jagoranci tawagar tare da tsohon shugaban Nijar Mahamane Ousmane da Colin Powell. Wanda aka ce ya ci zaɓen shi ne Obasanjo, abokinsa tun 1978, mutumin da ya yi wa roƙo a gaban Abacha shekara 4 da suka wuce. Duk da haka Carter ya rubuta wa shugaban hukumar zaɓe, Mai shari'a Ephraim Akpata, cewa akwai tazara mai yawa tsakanin yawan masu zaɓen da tawagarsa ta gani a rumfuna da alƙaluman da aka bayyana daga wasu jihohi, don haka ba za su iya yanke hukunci a kan sahihancin sakamakon ba. Bai ce Olu Falae, abokin hamayyar Obasanjo, ne ya ci ba, amma ya ƙi sa wa sakamakon albarka. An rantsar da Obasanjo ranar 29 ga Mayu kamar yadda aka tsara, domin a lokacin burin kowa shi ne soja su koma bariki.

Cibiyar ita ma ta sha suka. 'Yan adawar Benezuwela ba su yafe mata amincewa da ƙuri'ar raba gardama ta 2004 da Hugo Chávez ya ci ba, kuma a Kenya a 2017 tawagarta ta yaba da yadda aka kaɗa ƙuri'a, sai ga Kotun Ƙoli ta soke zaɓen saboda yadda aka tattara sakamako. Maguɗin zamani ya bar rumfar zaɓe ya koma wurin tattarawa da na'ura, inda idon baƙo ba ya kaiwa sosai.

Falasɗinu da tabon da ke jikinsa

Babu abin da ya jawo masa baƙin jini a gida kamar batun Falasɗinu. Ya sa ido a zaɓen Janairun 2006 da Hamas ta ci, ya ce an yi shi cikin gaskiya, ya kuma soki yadda aka yanke wa Falasɗinawa tallafi saboda abin da suka zaɓa. A wannan shekara ya fitar da littafi da ya kwatanta halin da ake ciki a yankunan da Isra'ila ta mamaye da mulkin wariyar launin fata, abin da ya sa mutum 14 suka yi murabus daga kwamitin ba da shawara na cibiyarsa. A Afrilun 2008 ya gana da shugaban Hamas Khaled Meshaal a Dimashƙu duk da adawar gwamnatin George W. Bush. Wanda ya ce Carter ɗan aiken Washington ne a ɓoye sai ya bayyana wannan, ya kuma bayyana yadda a 1990 ya rubuta wa ƙasashen Kwamitin Sulhu yana roƙonsu kada su goyi bayan ƙudurin ƙasarsa na yaƙar Iraƙi, matakin da ko wasu masoyansa suka ce ya wuce gona da iri.

Wanda kuma ya ɗauke shi waliyyi sai ya tuna cewa lokacin da yake da iko na gaske, gwamnatinsa ta ci gaba da sayar wa Indunusiya makamai tana tsaka da murƙushe Timor ta Gabas, ya yabi Shah, sarkin Iran, a Tehran a jajibirin 1978 ana saura shekara guda a kore shi, kuma a zamaninsa aka fara tallafa wa mayaƙan Afganistan a ɓoye a 1979. Kuɗin ayyukansa ma ba duka ne suka fito daga hannu mai tsabta ba, domin cikin masu ba da gudummawa na farko akwai Agha Hasan Abedi, mai bankin BCCI da ya rushe a 1991 cikin badaƙala. Hukumomin gwamnatin Amurka su ma sun kasance cikin masu ba cibiyar kuɗi. Kwamitin Nobel da ya ba shi kyautar zaman lafiya a 2002 ya haɗa Camp David da ayyukan bayan mulki a cikin dalilansa, wanda ke nuna cewa raba rayuwarsa gida biyu, shugaba marar nasara da dattijo mai nasara, sauƙaƙa labari ne kawai. Taurin kai da son bin diddigin ƙananan abubuwa da suka hana shi jituwa da 'yan majalisa a Washington su ne suka sa ya iya bin lissafin masu kurkunu ƙauye-ƙauye har shekara 30 da ɗoriya.

Abin da ya rage a ƙasa

A 2007 ya shiga ƙungiyar Dattawa da Nelson Mandela ya kafa, tare da Kofi Annan da Desmond Tutu da Mary Robinson, kuma tafiyarsu ta farko Darfur suka nufa. Daga 1984 shi da Rosalynn sun riƙa ware mako guda a shekara suna aikin kafinta tare da ƙungiyar Habitat for Humanity mai gina wa marasa galihu gidaje, kuma a Oktoban 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, amma ya bayyana a wurin gini a Nashville da baƙin ido da guduma a hannu. Wannan hoton ne mutane suka fi yaɗawa, ko da yake a cikin ayyukansa shi ne mafi ƙarancin tasiri a kan talakan Afirka.

Ga mutumin karkara, abin da zai shafe shi yanzu shi ne ko tsarin da aka gina zai tsaya ba tare da mai buɗe ƙofar ba. Cibiyar tana nan da ma'aikatanta, mafi yawansu 'yan ƙasashen da ake aikin ne, jikansa Jason Carter yana shugabantar kwamitin amintattunta, amma babu wani a cikinsu da shugaban ƙasa zai ji kunyarsa kamar yadda ake jin ta tsohon. A Agustan 2015, ranar da ya sanar da cewa ciwon daji ya kai masa ga ƙwaƙwalwa, ya ce burinsa shi ne tsutsar kurkunu ta ƙarshe ta riga shi mutuwa. Hakan bai samu ba. Cutar tana nan a Chadi da Sudan ta Kudu da Mali da Habasha da Angola, kuma tun 2012 aka gano tana kama karnuka a garuruwan masunta na bakin kogin Chari a Chadi, abin da ba a yi tsammani ba lokacin da aka fara yaƙin. Yanzu ma'aikata a can suna bin gida-gida suna roƙon a ɗaure karnuka a lokacin da tsutsar ke fitowa, a binne kayan cikin kifi maimakon a jefa musu, ana kuma ba da tukuici ga duk wanda ya kawo rahoton ƙurji, kuma sai ƙasa ta yi aƙalla shekara 3 a jere ba a ga ko ɗaya ba kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaida.